Kiwon Kaji a Bayan Gida: Yadda Za Ka Fara Ba Tare da Hunturu Ya Share Maka Akurki Ba

Da wuya ka shiga gida a karkarar ƙasar Hausa ka rasa kaji suna tono a tsakar gida, amma da wuya kuma ka sami gidan da kajinsa suka kai talatin suka tsaya a haka shekara biyu a jere. Kaza ta ƙyanƙyashe goma, bayan wata biyu saura uku. Ukun su girma, a fara murna, sai hunturu ya shigo, cikin mako guda akurki ya zama kango. Daga nan mai kaji ya ce kiwo bai karɓe shi ba. A ganina ba maganar karɓa ba ce. Ta ƙofa biyu dukiyar take zurarewa: makonni shida na farkon rayuwar ɗan tsako, da annobar da ke zuwa tare da sanyi. Duk matakan da ke ƙasa an jera su ne don toshe waɗannan ƙofofi, shi ya sa sayen kajin ma ba shi ne farko ba.

Da farko ka yanke irin kajin da aljihunka zai ɗauka

Kajin Hausa su ne suka fi jure zafi, yunwa da sakaci. Suna neman rabin abincinsu da kansu, suna kwanci, suna renon 'ya'yansu, kuma namansu yana da daraja a kasuwa. Rauninsu shi ne jinkirin girma da ƙarancin ƙwai: kaza takan saka goma zuwa goma sha biyar ta kwanta, sau uku ko huɗu a shekara. Kajin gidan gona kuwa iri biyu ne. Na nama suna isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Na ƙwai suna fara sakawa wajen mako 18 zuwa 20, kuma idan kulawa ta yi kyau kaza ɗaya tana iya kusantar ƙwai 300 a shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, kusa da Zariya, ta fitar da nata irin na ƙwai mai suna ShikaBrown. A tsakiya akwai irin su Noiler da FUNAAB Alpha, waɗanda suka fi kajin Hausa girma da yawan ƙwai, kuma suna iya yawo su yi kiwo kamar su.

Kafin ka zaɓa, yi wannan lissafi. Kazar ƙwai ta gidan gona tana cin kimanin giram 120 a rana. Guda ashirin ke nan za su cinye kusan kilo biyu da rabi kullum, wato buhu mai kilo 25 ba zai wuce kwana goma ba. Kuma sai ka ciyar da su wata huɗu da rabi kafin ka ga ƙwai ko ɗaya. Kajin nama guda hamsin za su ci buhu takwas zuwa goma kafin su isa kasuwa. Je ka tambayi kuɗin buhu a garinku yau, ka ninka. Idan kuɗin ba su a hannunka tun yanzu, kada ka fara da su, domin kazar gidan gona ba ta san "bari a yi albashi" ba; kwana biyu na yunwa ya isa ta daina ƙwai, ta daɗe ba ta dawo daidai ba.

Shawarata ga sabon shiga ita ce kajin Hausa biyar zuwa takwas da zakara ɗaya. Da su za ka koyi sana'ar, kuma kuskure a kansu ba ya karya jari.

Akurki kafin kaza

Zaɓi wuri mai ɗan tudu wanda ruwan damina ba ya kwanciya, idan da hali a ƙarƙashin inuwar bishiya, nesa kaɗan da madafa da rijiya. Tsawon ginin ya miƙe daga gabas zuwa yamma, don kada rana ta riƙa shiga ta gefe tun hantsi har la'asar. Ka ɗaga bango na laka ko bulo zuwa gwiwa ko ƙugu, sauran zuwa rufi ka sa raga. Kuskuren da aka fi yi shi ne gina akurki a toshe kamar rumbu, da 'yar ƙofa ɗaya. Kaji suna fitar da danshi da wari mai yawa da dare. Idan iska ba ta ratsawa, tari da mura ba za su rabu da su ba. Abin da ake so shi ne iska ta wuce ta samansu, ba ta buge su kai tsaye ba. Lokacin hunturu sai ka rataya buhu ko zana a gefen arewa da gabas, inda iskar ke fitowa, ka bar sama a buɗe.

Rufin ciyawa ya fi na kwano sanyi. Idan kwanon ne da kai, shimfiɗa kara ko zana a kansa. A garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, wannan shimfiɗar tana iya zama bambanci tsakanin kaji masu rai da gawarwaki, domin kaza ba ta gumi, haki kawai take yi ta saki fukafukai.

Kowane murabba'in mita ɗaya ya ɗauki manyan kaji uku zuwa huɗu idan a kulle za su wuni, ko biyar zuwa shida idan kwana kawai suke yi. Ɗaki mai mita biyu da mita uku ya ishe ka farawa har da wurin ƙari. Daɓe ƙasan da kyau ko ka yi masa siminti, saboda ɓera da gafiya da tunku ta ƙasa suke shigowa. Sannan ka zuba ɓuntun shinkafa ko ɓawon katako na wurin kafinta, kaurin yatsu huɗu. Gitta sanduna a tsayin gwiwa zuwa ƙugu don su hau su kwana, kowace kaza ta sami wajen taki ɗaya na hannu. A kusurwa mai duhu ka ajiye gurbin ƙwai: tsohuwar tukunya, fasasshen kwando ko kwali, da busasshiyar ciyawa a ciki. Tun da kajin Hausa suna kwanci, kowace ta sami nata, in ba haka ba za su riƙa turmutsitsi a gurbi ɗaya suna fasa ƙwai.

Ƙofar kuma ta zama wadda mutum zai iya shiga ya share. Akurkin da tsintsiya ba ta shiga, ƙuma da kwarkwata ne masu shi.

Saye da killacewa

Kasuwar kaji ita ce mahaɗar cututtuka, domin duk wanda ciwo ya shiga gidansa can yake rugawa da sauran. Ya fi kyau ka saya a gidan wanda ka sani, wanda ka ga kajinsa da idonka. Ɗauki kazar a hannu. Ido ya zama garau, hanci ba majina, zanko ja, ƙirji da tsoka ba ƙashi tsirara ba, gashin ƙarƙashin wutsiya a bushe ba kashi a manne. Ɗaga fiffike ka duba ƙwari. Budurwar kaza da ta kusa fara ƙwai ta fi tsohuwa riba. Zakaran ya fito daga wani gida dabam, kuma ka riƙa sauya shi bayan shekara ɗaya ko biyu, don kada ya riƙa bin 'ya'yansa iri ya lalace. Zakara ɗaya ya ishi kaji takwas zuwa goma.

Duk kazar da ta shigo gidanka daga baya, ko saya ka yi, ko kyauta ce daga gidan surukai, ta yi mako biyu a keɓe kafin ta haɗu da sauran. Mutane suna raina wannan doka, alhali kaza ɗaya ta kyauta ta sha ƙarar da kiwon shekara guda. Kazar da ka kai kasuwa ba ta sayu ba, ita ma baƙuwa ce idan ta dawo.

Ci da sha

Kazar Hausa da ke yawo tana samun ƙwari, ciyawa da tsintar hatsi, musamman da damina da kaka. Da rani kuwa ƙasa ba komai, a nan ne take ramewa ta daina ƙwai. Dusa zalla tana cika ciki amma ba ta gina jiki. Abin da ya fi ƙaranci a abincin kajin gida shi ne mai gina tsoka da mai ƙarfafa ɓawon ƙwai. Idan za ka haɗa da kanka a matsayin ƙari ga kiwon da suke yi, a mudu goma ka sa shida na ɓarzajjen masara, dawa ko gero, biyu na waken suya ko tunkuzar gyaɗa, ɗaya da rabi na dusa, ragowar rabin kuma dakakken ƙashin da aka ƙona da ɓawon ƙwai da garin busasshen zogale, sai ɗan gishiri kaɗan ƙwarai. Waken suya dole a soya shi kafin a niƙa. Ɗanyensa yana hana narkewar abinci, ya tsumburar da 'yan tsaki. Ɓawon ƙwai ma a gasa a daka, don kada su gane shi su koyi shan ƙwansu. Hatsi ko gyaɗar da ta yi fumfuna kada ka ce "ai kaji ne". Gubar da ke ciki tana lalata musu hanta.

Gara abinci ce mai kyau kuma kyauta. Cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, yayyafa ruwa, kife ta inda gara ke fitowa da yamma, ka rufe da buhu. Da safe ka juye wa 'yan tsaki.

Ba su abinci da sassafe kafin a sake su, da kuma yamma a cikin akurki, don su saba dawowa da kansu. Lokacin zafi ka guji ciyarwa da tsakar rana. Ruwa kuwa kada ya yanke ko na awa ɗaya. Kaza tana shan kusan ninki biyu na abin da take ci, da bazara ma fiye. A wanke mazubin kullum, a ajiye a inuwa, a zuba mai sanyi daga randa da rana tsaka. Kajin da aka bari suna shan ruwan kwata da na makwarara, kada a yi mamakin zawonsu.

Rigakafi, inda maganar take

Annobar da ke share kaji da hunturu ita ce likitocin dabbobi ke kira Niyukasul. Alamunta sananne ne: kaza ta takure ta saki fukafukai, kashi ya koma kore ko fari mai ruwa, numfashi da ƙara, wata wuyanta ya murɗe tana juyi a wuri ɗaya, a wayi gari da gawa biyar, gobe goma. Ƙwayar cutar bairos ce, don haka babu kafso ko garin magani da ke kashe ta. Barkono, maɗaci da sauran abin da ake jiƙa musu ba sa tsayar da ita; kazar da ta tashi bayan an ba ta, da ma mai tashi ce. Abin da ke aiki shi ne rigakafi tun kafin ta zo, kuma kuɗin rigakafin kaji ashirin bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin magungunan rigakafin wannan cuta, ciki har da LaSota da kuma I-2. Na biyun ya fi dacewa da karkara saboda ya fi jure rashin firiji, kuma ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza a ido, babba da ƙarama. A maimaita duk bayan wata uku zuwa huɗu. Ka tsara yadda zagaye ɗaya zai faɗo a watan Oktoba, domin jiki yana bukatar kamar mako biyu kafin kariyar ta kama, kuma ana so ta kama kafin iskar Nuwamba.

Wurin da ake yin ɓarna shi ne riƙon maganin. Saya a shagon magungunan dabbobi mai firiji mai aiki, ka duba ranar lalacewa, ka ɗauko shi a cikin kular sanyi mai ƙanƙara, ba a aljihu ba. Yi aikin da sassafe a inuwa. Idan na zubawa a ruwan sha ne, ka ɗauke musu ruwa na awa ɗaya ko biyu don su ji ƙishi, ka yi amfani da ruwan rijiya mai tsabta a mazubin roba, domin sinadarin da ake sa wa ruwan famfo yana kashe maganin. Da zarar an haɗa, a gama da shi cikin awa biyu. Ragowar ba a ajiyewa. Kuma ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu.

Kwalba ɗaya takan ɗauki kaji ɗari ko fiye, kai kuwa goma gare ka. Wannan dama ce: haɗa kai da maƙwabta, a yi karo-karo, a yi wa kajin unguwa rana ɗaya. Tun da tare suke kiwo a bola ɗaya, lafiyar kajin maƙwabcinka lafiyar naka ce. A gidaje da yawa kajin na mata ne, don haka ta hannun uwargida da ƙungiyoyin adashi wannan shiri ya fi saurin tafiya.

Ga 'yan tsakin gidan gona akwai ƙarin rigakafin Gumboro (wata cuta ce da ke kama ƙananan kaji), wanda akan ba su a mako na biyu a maimaita wajen mako na uku zuwa na huɗu, da na ƙurajen da ke fitowa a zanko da fuska, wajen mako na shida zuwa takwas. Karɓi jadawalin daga inda ka sayi tsakin ka nuna wa malamin dabbobi na yankinku. Maganin tsutsar ciki duk bayan wata uku. Don ƙuma da kwarkwata, ka tanadi wuri mai toka da yashi su riƙa birgima, ka share akurki ka zuba toka a tsagogin bango.

Idan ciwo ya shigo duk da haka, ware marasa lafiya nan take, ka kulle sauran, ka binne gawa da zurfi ko ka ƙona. Jefa mushen kaza a bola ko kan hanya zalunci ne ga maƙwabta, haka ma kwasar masu ciwo a kai kasuwa. Idan mutuwar ta zo farat ɗaya da yawa, fuska a kumbure, zanko ya yi shuɗi, ƙafafu da alamar taruwar jini, to ana zargin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a jihar Kaduna a 2006. Ita tana iya kama mutum. Kada a yanka, kada yara su taɓa, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Kwanci da renon tsaki

Kullum ka kwashe ƙwai ka bar ɗaya a gurbi. Waɗanda kake so a ƙyanƙyashe ka ajiye su a wuri mai sanyi, kamar kusa da randa, tsinin a ƙasa, ba wanki, kuma kada su wuce mako guda zuwa kwana goma. Idan kaza ta lafe a gurbi tana hura gashi tana ƙin tashi, sa mata goma zuwa sha biyu da dare, ka yi musu alama da fensir don ka gane sabon da wata ta ƙara. Ajiye mata ruwa da hatsi kusa. A kwana na bakwai zuwa goma, haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu: mai rai za ka ga jijiyoyin jini, wanda yake fayau ka cire shi kafin ya zama baragurbi ya fashe a kan sauran. Kwana 21 kaza take ƙyanƙyashewa. Idan ƙwan zabi ka sa mata, wanda ake samu da damina, sai kwana 26 zuwa 28. Na talo-talo 28, na agwagwar gida kuwa 35. Kada ka gauraya su a gurbi ɗaya, domin da zarar nata sun fito za ta tashi ta bar sauran.

Dabara mai amfani ita ce ka sa wa kaji biyu ko uku ƙwai a dare ɗaya. Tsakin za su fito tare, ka yi musu rigakafi tare, ka haɗa wa uwa ɗaya ko biyu reno, wadda aka ɗauke wa kuma ta koma saka ƙwai da wuri.

Yanzu ga babbar asara. An ce kaza mai 'ya'ya ita ke tsoron shirwa, amma tsoronta ba ya hana a ɗauka. Uwa tana jan tsaki cikin raɓa da sanyin safiya, ta kai su bakin kwata, shaho ya ɗauki ɗaya, muzuru ya ɗauki ɗaya, ruwan sama ya kashe biyu. Maganin wannan shi ne kulle: uwa da 'ya'yanta su zauna a keji ko babban kwando mai raga na mako huɗu zuwa shida, ana matsar da shi zuwa busasshen wuri kullum. A nan ne ya kamata ka kashe kuɗi a kan abincin kamfani na 'yan tsaki, ko da mudu-mudu za ka riƙa saya, domin abin da suke ci kaɗan ne, amfaninsa kuwa babba. Mazubin ruwansu ya zama marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki don kada su faɗa su jiƙe.

Idan tsakin kwana ɗaya ka sayo, kai ne uwarsu. Kewaye wuri da kwali ko falanki, shimfiɗa ɓuntu ka rufe da takarda a kwanakin farko, ka kunna ɗumi tun kafin su iso. Makon farko suna son zafin digiri 32 zuwa 35, ana rage kamar uku kowane mako. Ko ba ma'auni, su da kansu za su gaya maka: idan sun cure a jikin wuta suna kuka, sanyi ne, idan sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa, idan sun bazu suna ci, daidai ne. Mai amfani da tukunyar gawayi ya bari ya ruru a waje hayaƙi ya ƙare kafin ya shigar, ya kare ta yadda ba za su taɓa ba, kuma ya bar kafar iska. Gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe tsaki, yana kashe mutum. Da isowarsu a fara ba su ruwa da ɗan sukari, sannan abinci. Shimfiɗar da ta jiƙe a kwashe ta nan da nan, domin ita ke kawo kashin jini a mako na uku zuwa na shida. Idan ka ga jini a kashi, nemi malamin dabbobi a ranar.

Taki da 'yar gonar bayan gida

Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi, ɗanyensa yana ƙona shuka. Tara shi tare da ɓuntun da ka kwashe a rami ko kusurwa, yayyafa ruwa, ka riƙa juyawa, bayan wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki marar wari. Da shi za ka yi kunya biyu ko uku na alayyafo, yakuwa, kuɓewa da tumatir, ka jera zogale a jikin katanga. Ganyen da ya tsufa ya koma wa kaji, ka rataya musu shi su riƙa tsattsaga. Sai dai ka shinge lambun, in ba haka ba za su tone shi rana ɗaya. Abin da ya yi saura na taki masu noman fadama suna saye buhu-buhu.

Littafi da kasuwa

Sayi ƙaramin littafi ka riƙa rubuta ranar kwanci, yawan da aka ƙyanƙyashe, yawan da suka kai mako shida, ranar rigakafi, da duk abin da ya fita ko ya shigo na kuɗi. Har wadda aka yanka wa baƙo a rubuta ta da kuɗinta. Lambar da za ka fi sa wa ido ita ce tsaki nawa cikin goma suke kai wata biyu. Idan ta kai bakwai ko takwas, kuma ka ratsa hunturu guda ba annoba, lokacin ƙara jari ya yi: ko ka shigo da Noiler ashirin, ko ka gwada kajin nama hamsin.

Zakaru matasa su ne kuɗin kashewarka, ka sayar da su da sun kai wata biyar zuwa shida, kada su zauna suna cin hatsi suna faɗa. Kazar da ke fasa ƙwai ko watsar da kwanci ita ma ta tafi. Mai kyawun reno kuwa a riƙe ta a kuma ajiye 'ya'yanta mata. Farashi yana tashi gab da ƙaramar Sallah da ƙarshen shekara, don haka ka ƙirga baya daga ranar: mako bakwai zuwa takwas ga kajin nama, wata uku zuwa huɗu ga Noiler, wata shida ga na Hausa. Ga kajin nama, ka yi magana da masu gashi, masu abinci da maƙwabta tun suna mako huɗu, domin duk kwanan da suka ƙara bayan sun isa, daga ribarka suke ci. Wadda aka ba maganin ƙwayoyin cuta kuma, kada a yanka ta ko a sayar da ƙwanta sai kwanakin da aka rubuta a jikin takardar maganin sun cika.